Maganar Haɗa Tikitin Alhaji

Ɗana, tambayar da ka yi mini ɗazu ta zo ana tsakiyar hayaniya a ofis, ban amsa maka yadda ya kamata ba. Ka ce alhajin nan na Kantin Kwari ya zo da tikiti biyu: na Kano zuwa Legas da yaronsa ya saya masa ta waya, da na Legas zuwa Istanbul da muka yanka masa makon jiya. Yana so a haɗa su, a auna kayansa a nan Kano, kada ya sake ganinsu sai Turkiyya. Tsakanin saukarsa Legas da tashin babban jirgin awa biyu da rabi ne. Kai kuma ka ga akwai layi a Amadeus, manhajar da muke yankan tikiti da ita, da ake rubuta lambar wani bukin (wato rajistar kama kujera) a cikin wani, shi ne kake tambaya ko in ka rubuta shi ke nan an haɗa.

Ba a haɗa ba. Kama da wane ba ta wane.

Ɗauko takardun nan biyu ka shimfiɗa a kan tebur. Ka rabu da lambar bukin mai gurbi shida da kowa ke kallo, ka nemo lambar tikitin kanta, doguwar nan mai lamba 13. Ukun farko na kamfanin da ya yanka ne: 235 Turkish, 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar. Wannan lambar ita ce alkawarin da ke tsakanin fasinja da kamfani. In tafiyar duk tana ƙarƙashin lamba ɗaya, ko da jiragen kamfani biyu zai hau, an yi masa alkawarin kai shi har inda tikitin ya ƙare. Jirgin farko ya yi latti, nauyinsu ne su nema masa kujera a na gaba ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Tikiti ɗaya zango huɗu yake ɗauka, in tafiya ta fi haka za ka ga lambar ta zarce zuwa mai bi mata. Wannan kada ya ruɗe ka, har yanzu tikiti ɗaya ne. Amma na alhaji lambobi biyu ne da ba su san juna ba. Kamfanin gida ya yi alkawarin sauke shi Legas, in ya sauke shi ko da tsakar dare ne ya fita. Na biyun kuma alkawarinsa daga Legas ya fara, ba ruwansa da yadda mutum ya iso.

Layin da ka gani, wanda muke cewa OSI, sanarwa ce kawai, kamar ka saƙa 'yar takarda a ƙofar maƙwabci. Ma'aikacin da ya buɗe bukin ɗin zai iya karantawa ya san fasinjan nan daga Kano yake tafe, amma ba zai riƙe jirgi dominsa ba, kuma takardar ba ta ɗora masa wani nauyi ba. Irin wannan layin ne muke sa wa miji da mata da aka yi wa bukin daban-daban don a san tare suke, nan yana da ɗan amfaninsa. Ga shi ma tikitin Kano zuwa Legas ɗin ba ta hannunmu ya bi ba, ko buɗe shi ba za mu iya ba.

Yanzu lissafa awa biyu da rabin nan. A filin jirgin Murtala Muhammed, inda jiragen gida ke sauka daban, inda ake tashi zuwa ƙasashen waje daban, sai an shiga mota. Alhaji zai sauka, ya tsaya jiran jakunkunansa, ya nemi mai turawa, ya nemi mota, ya shiga cunkoson Legas, ya isa ya bi layin bincike, sannan ya kai kantar auna kaya. Kanta kuwa ana rufe ta wajen awa guda kafin tashi. Ka ga abin da ya rage masa awa ɗaya da rabi ne, shi ma in jirgin Kano ya tashi a kan lokaci. Ka san halin hunturu a garin nan, daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan zaunar da jirgi tun safe har la'asar, wani lokaci a soke tashin gaba ɗaya. Kada kuma ka dogara da ɗan lokacin canjin jirgi da kwamfuta ke nuna maka ya isa, an tsara shi ne don mai tikiti ɗaya.

In ya rasa jirgin Istanbul, za a rubuta cewa bai zo ba. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne, ba zuwan kaɗai ya rasa ba, har kujerar dawowa kwamfuta kan soke. Sai ya biya tara, ya cika bambancin kuɗin kujera na ranar, in ma irin tikitin da ake canzawa ne.

Ni an taɓa dafa ni a kan wannan, tun ina kamar kai. Wata hajiya mai zuwa sarin kaya Guangzhou, na yanka mata tikiti biyu da kamfanoni biyu saboda na ga rarar kuɗi, za ta canja jirgi a wani birni na yankin Larabawa. Na rubuta layin nan, na ce mata Hajiya an haɗa, je ki abinki. A kanta ma'aikaci ya buga takardar jaka, ta fito da sunan birnin farko kawai. Ya ce kamfanonin ba su da yarjejeniyar miƙa kaya, sai ta fita ta ɗauki kayanta da kanta ta sake aunawa. Fita kuwa sai da biza, koren fasfonmu kuma ka san ba ko'ina yake buɗe ƙofa ba. Ba ta da ita, suka ƙi ɗaukarta. Da la'asar sai ga ta a ofis da akwatunanta a bayan a-daidaita-sahu. Maigidana bai ce mini komai ba a gabanta, amma wata huɗu ana cirar kuɗin a albashina.

Ba na ce ba a taɓa dacewa ba. In kamfanonin biyu suna da yarjejeniya, ko ƙungiyarsu ɗaya, kamar EgyptAir da Turkish da Ethiopian da suke cikin Star Alliance, fasinja kan nuna tikitinsa na biyu a kanta, wani ma'aikacin ya tura masa jaka har ƙarshe. Alfarma ce, ta danganta da dokar kamfanin da wanda ya tarar a kujera. Ƙungiyar oneworld, wadda Qatar ke ciki, tun 2016 ta daina tilasta wa kamfanoninta tura kayan mai tikiti biyu. Kuma ko jaka ta wuce, in jirgi ya tsere masa asarar tana nan a wuyansa. Na alhaji dai babu ma wannan fatan, a Legas zai karɓi kayansa.

Gobe da safe ka fara duba masa tikiti ɗaya daga nan Kano, ta Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, ka cire tarar mayar da wanda muka yanka, ka nuna masa bambancin a rubuce. Zai ce ya yi tsada, ɗan kasuwa ne. In ya ƙi, to yaronsa ya matsar da na Legas ɗin ya koma kwana ɗaya kafin tafiyar, ya kwana a can. Kuɗin masauki da na canjin tikitin gida ba su kai komai ba a kan sabon tikitin Istanbul. Ka tuna masa da awo kuma: babban jirgi na iya ba shi jaka biyu masu kilo 23, na gida ba lallai ya ba shi ko rabin haka ba, sauran zai biya a kanta. Dawowa ma ka bar masa tazara mai yawa, don sai ya bi shige da fice da kwastam a Legas kafin ya nemi jirgin Kano.

In ya nace a bar shi yadda yake, ka tura masa bayanin a WhatsApp da murya, ya amsa cewa ya ji ya yarda, ka ajiye. Layin OSI ɗin ka rubuta, ba ya cutarwa, amma kada kalmar "an haɗa" ta fito daga bakinka. Kafin ka kira shi ka kawo mini lissafin in gani.