Negatif ɗin Baba: sikanin ko wanki a ɗakin duhu?

Tambaya: Malam, mahaifina ya yi sana'ar hoto a Zariya har Allah Ya yi masa rasuwa bara. A kayansa mun tarar da akwatin ƙarfe cike da manyan negatif masu inci 4 da 5, na baƙi da fari, sun kusa 300. Wasu sun fara lanƙwashewa, akwatin kuma yana wari mai tsami. Wani mai shago ya ce zai yi mini sikanin duka, daga nan in zubar ko in sayar wa masu cire azurfa. Abokin aikin Baba kuwa cewa ya yi in ba a ɗakin duhu aka wanke ba, ba hoto ba ne. Wanne zan bi? Tsorona kada su lalace a hannuna.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Ɗana, tunda ka ambaci warin nan, sikanin za ka fara, kuma ba da jinkiri ba. Asitet, wato robar da aka yi fim ɗin da ita, shi ne ya soma ruɓewa, tsamin da yake fitarwa kuma shi ke ƙara cin sa, ya kama na kusa da shi. Ba a mayar da shi yadda yake, sai dai a rage masa gudu da sanyi da bushewa.

Negatif mai inci 4 da 5, in aka ɗauke shi a ɗigo 2400 kowane inci, zai ba ka wajen megafiksel 115. Sikana irin Epson V850 tana iya wannan. Kada lambar 6400 da ke jikin kwalinta ta ruɗe ka, abin da take gani na gaskiya bai kai rabin haka ba. Ka ce a ajiye maka a TIFF mai bit 16, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, ba JPEG ba, kuma a kashe ICE, manhajar goge ƙura, don azurfar fim ɗin baƙi da fari tana rikita ta.

Abokin Baba yana da tasa gaskiyar. Baƙin da katin azurfa, wato katin wanke hoto na ɗakin duhu, ke bayarwa, musamman in an kifa negatif kai tsaye a kan kati an danne da gilashi, ni dai ban ga injin tawada da ya burge ni kamarsa ba. Amma ana son sinadarin wanki a zafin digiri 20 na Salshiyas, ka kuwa san Zariya a watan Afrilu. Ga katin wanki na kamfanin Ilford sai an yo odarsa daga waje. Ka zaɓi goma ko sha biyu mafi kyau, ka ba tsohon ya wanke, ka zauna kusa da shi ka koya.

Sai maganar mai shagonka, wadda ita ce ta ɓata mini rai. Kusan kullum sai na ji ta: an yi sikanin, negatif ya gama aiki. Wa ya ce? Sikanin kwafi ne, iyakarsa ƙarfin na'urar da ƙwarewar yaron da ya danna maɓalli ranar. In ya bar haske ya yi yawa a kan farar babbar riga, aikin zaren wuyanta ya tafi a fayil, alhali yana nan daram a jikin negatif. Na sha ganin wanda aka miƙa wa filashi, ya tura hotunan ta WhatsApp ta matse su, filashin ya ɓata, wayar ta faɗa ruwa, negatif kuma tuni an auna shi a sikeli an ba shi kuɗin da ba zai sayi mudun shinkafa ba.

Dubi Seydou Keïta na Bamako. Ya buɗe situdiyo a 1948, yana ɗauka da negatif mai santimita 13 da 18, yana ba mutane kati daidai girman negatif ɗin. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba ma tare da sunansa ba. Da aka bi sawu har Bamako, sai ga negatif dubbai a ajiye. Daga jikinsu aka wanke manya-manyan hotunan da duniya ta san shi da su kafin rasuwarsa a 2001. Da ya bi irin shawarar mai shagonka, me za a tarar?

Masu cewa a ƙone kuwa sun fi ban tsoro. Duba gefen kowane fim: in ka ga an rubuta NITRATE, tsohon fim ne mai saurin kama wuta, ware shi nesa da wuta, don in ya kama ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Irinsa ne ya kama a wani asibitin Cleveland ta Amurka a 1929, mutum 123 suka mutu.

Yau ɗin nan ka fitar da su daga akwatin. Masu wari gefe guda, masu lafiya gefe guda, kowanne a ambulan ɗin takarda marar asid, ba leda ba. Kada ruwa ko fetur ya taɓa su, ƙura kuma hure ta ake yi da ɗan famfon roba. Ka riƙe ta gefe, ka sa su a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, sama da ƙasa saboda laimar damina. Waɗanda suka lanƙwashe su za a fara ɗorawa a sikana.