Kana so ka riƙa nema wa direbobin tirela lodi a Amurka? Ga inda doka ta ja layi

Wani ɗan'uwa mazaunin Greensboro, a jihar North Carolina, ya rubuto cewa abokansa uku masu tirelar kansu sun nemi ya riƙa samo musu lodi ta waya da intanet, su ba shi kaso. Yana tambaya ko sai da lasisi, da abin da zai hau kansa in aka samu matsala, da ko ƙanensa da ke Maraɗi zai iya taya shi daga can.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Kafin komai, duba takardunka. Wannan aiki ne, ko da a ɗakinka kake yin sa. Mai girin kad ko takardar izinin aiki zai iya. Wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu, a'a. Buɗe kamfanin LLC, wato kamfanin da ke raba bashin kasuwanci da dukiyar mai shi, ba ya ba mutum izinin aiki, kuma wannan kuskuren yana iya ɓata masa neman zama gaba ɗaya.

Gwamnatin tarayya ba ta da wani lasisi na dispacha, wato mai nema wa direba lodi kamar yadda kake son yi. Amma tana da lasisin dillalin kaya, wanda direbobi ke kira biroka, kuma a nan mutanenmu ke faɗawa rami. Mun saba da ɗan kamasho a tasha, mai karɓar kaya ya ba motar da ya ga dama, ya riƙe kuɗi ya cire nasa. A Amurka wannan dillanci ne, kuma sai ka yi rajista da FMCSA, hukumar tarayya mai kula da manyan motocin sufuri, ka ajiye lamunin dala 75,000. Wanda ya yi ba rajista, doka ta tanadi tarar da ta kai dala 10,000 kan kowane lodi, sannan duk wanda ya yi asara yana iya bin ka kai da kanka, LLC ba za ta kāre ka ba.

A watan Yunin 2023 hukumar ta fitar da bayanin da ke raba dispacha da biroka. Dispacha wakilin direba ne. Akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninsu, da sunan kamfanin direban da lambarsa ta MC, wato lambar izinin ɗaukar kaya da hukumar ta ba shi, yake magana, kuma direban ne ke biyan sa. Kuɗin lodi ba ya bi ta hannunsa, daga biroka yake tafiya kai tsaye zuwa ga direba ko kamfanin da ke sayen rasidinsa. Ba ya zuwa wurin masu kaya yana tallar kansa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne mutum uku. In ka amshi lodi daga Charlotte zuwa Atlanta tukuna, sannan ka zauna kana zaɓen wanda za ka ba a cikinsu, hukuma na iya cewa ka yi rabon kaya, wato dillanci. Don haka ka raba su a takarda tun farko: wannan motar sanyi, wancan buɗaɗɗiyar tirela, ko kowa da yankinsa. Kowane lodi ka neme shi don mutum ɗaya sananne, shi ne zai ce i ko a'a. In motarsa ta lalace, kada ka miƙa wa abokinsa a ɓoye, ka sanar da birokan. Na san abota ce ta haɗa ku, kuma neman sa hannu kan yi nauyi a baki. Ka daure, ka biya lauyan sufuri ya duba yarjejeniyar.

Batun hatsari kuwa, inshorar direba ce a gaba, aƙalla dala 750,000 ga mai ɗaukar kayan yau da kullum tsakanin jihohi. Sai dai lauyoyi sukan nemi saƙonnin waya. Direba ba ya wuce awa 11 yana tuƙi a cikin awa 14, bayan hutun awa 10. In an ga ka rubuta masa "ka daure ka ƙarasa" alhali lokacinsa ya ƙare, ka sa kanka cikin shari'a, balle kuma ran mutum da ke kan hanya. Ka nemi inshorar kuskuren aiki ta kanka. Ka kuma riƙa ware kuɗin haraji, domin ba mai cire maka, kuma na mai aikin kansa kaɗai kashi 15.3 cikin ɗari ne, ban da na kuɗin shiga.

Ƙanenka zai iya taimakawa da cike takardu da bibiyar mota. Tazarar lokaci awa biyar ce ko shida, don haka aikinsa zai kai dare. Duk abin da ya yi da sunanka, kai ne za ka amsa. Ka sanar da direbobin cewa wani a Nijar zai ga takardunsu, su yarda a rubuce, domin 'yan damfara suna satar lambar MC su kwashe kaya da ita. Kada ya yi aiki a shagon intanet ko da wayar aro. Ka yanka masa albashi tsayayye, ka riƙa ajiye rasidin duk abin da ka tura, ka raba shi da kuɗin cefanen gida.