Kai ɗana, ka fara duba wutar tukuna

Na ga saƙonka tun da safe, sai da na yi murmushi, daga baya kuma abin ya dame ni. Wai 'yar kwamfutarka Raspberry Pi ta ƙi hawa wifi, ka goge memori kad ɗin har sau uku, kana tambaya ko camfi ne abin da mu masu gyaran da muke yi, na ƙin buɗe na'ura sai an duba wuta da waya. Sau uku fa! Ko cajar ba ka kalla ba.

Lokacin Shagari ina yaron shago a Sabon Gari, wani dattijo ya zo a keke daga ƙauye da rediyonsa nannaɗe cikin tsumma, da ita yake jin BBC, ya ce ta yi shiru kwana biyu. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya fita, ni kuma zumuɗi ya kwashe ni na kwance bayanta na ɗora ƙarfen dalma ina ciccire abubuwa, tun hantsi har la'asar, dattijon na zaune kan benci ya ƙi cin komai sai kallon hannuna yake. Da maigida ya dawo bai ce min uffan ba, ya buɗe gidan batir, ashe ruwan batir ne ya zuba ya sa sifirin ɗin tsatsa. Da bakin wuƙa ya kankare. Amma ni na riga na ƙona transista guda, maigida daga aljihunsa ya biya, har yau in na tuna fuskar dattijon nan sai na ji nauyi. Da dare maigida ya ce min, ubansa yakan ce mai neman akuya ya fara leƙa turke kafin ya shiga daji.

Ku yanzu komai sai a goge a sake, ba mai haƙurin tsayawa ya kalli fitila. Ita Raspberry Pi 3B ɗin nan taka caja mai ƙarfin 5V 2.5A take so, kai na san cajar tsohuwar wayarka ka maƙala mata. In jar fitilar tana ƙiftawa ko alamar walƙiya ta fito a sikirin, wuta ce ba ta isa, wifi ɗin zai yi ta yankewa. Kuma 3B ba ta ganin wifi na zangon 5GHz sam, in hotspot ɗin wayarka yana can ka mayar da shi 2.4. Ka shiga raspi-config, wato wurin saitinta, ka saka sunan ƙasarka, NG, wato Najeriya, in ba haka ba wifi a kulle yake. Ka rubuta ping 8.8.8.8 don ka gwada ko tana kaiwa intanet, in ya amsa amma shafi bai buɗe ba to matsalar DNS ce, wato abin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa.

Ka zo da ita ranar Juma'a bayan masallaci, haɗe da cajar, kar ka bar cajar a gida. Ka gaida mamanka.