Hukuncin Sauraron Kiɗan Metal Mai Waƙe Jini da Gawarwaki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya kamu da son wani kiɗan Turawa da ake kira metal, wanda mawaƙansa ke gurnani, hotunan faifansu kuwa gawarwaki ne da aka daddatsa. Da na yi masa magana, sai ya ce malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma wannan tamkar fim ɗin ban tsoro ne kawai. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne akwai saɓani a kan kayan kiɗa, domin jumhurun malamai sun hana bisa hadisin Bukhari, Ibn Hazm kuma ya halatta. Sai dai waɗanda suka halatta ma ba su yarda da waƙar da ta ƙunshi saɓon Allah ba, saboda haka saɓanin bai kai nan ba.

Dangantakar da ƙanen naka ya ambata tsakanin metal da fim ɗin ban tsoro tabbatacciya ce. Ƙungiyar mawaƙan metal ta Black Sabbath, wadda ta taso a Birmingham ta Ingila, ta ɗauko sunanta ne daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963. Daga baya reshen wannan kiɗa da ake kira death metal ya bunƙasa a jihar Florida ta Amurka, wasu mawaƙansa suka mayar da yanka mutum da farke ciki abin rerawa, har hukumomin Jamus suka taƙaita sayar da faifan farko na ƙungiyar death metal ta Cannibal Corpse.

A nan ne matsalar take. Allah ya karrama ɗan Adam, kamar yadda aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta faɗa, kuma Annabi (SAW) ya hana daddatsa gawa ko da ta abokin gaba ce a fagen fama, ya kuma ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Abin da Shari'a ta ƙyamata har haka ba zai zama nishaɗin kunne da ido ba, ko da jinin na roba ne, domin zuciyar da ta saba da shi takan ƙeƙashe ta daina jin tausayi.

Saboda haka sauraron wannan nau'i haramun ne, kuma haramcin ya fi tsanani idan akwai ɗaukaka Shaiɗan ko izgili ga addini. Duk da haka, kada ka kafirta ƙanen naka matuƙar bai yarda da wannan izgilin ba. Ka zauna da shi ku bi ma'anar baitocin ɗaya bayan ɗaya, tunda gurnanin kan ɓoye wa mai sauraro abin da ake faɗa, sannan ka yi masa nasiha a keɓe. Wallahu a'alam.