Keken miliyoyi ko kuɗin malamin iyo? Amsoshin tambayoyinku kan gasar Ironman

Tun da na faɗi a wannan fili cewa na taɓa shiga gasar nan ta Ironman da ake haɗa iyo da keke da gudu a rana ɗaya, wasiƙu suka yi ta shigowa, mafi yawansu daga mutanenmu na nan Ikko. Na zaɓi huɗu a wannan makon.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, shekarata 38. Sau biyu ina kammala gudun fanfalaki na Legas, yanzu kuma raina ya biya da Ironman. Na tara kuɗi, wani ya nuna mini keken kabon, wato marar nauyin nan da ba na ƙarfe ba, irin na masu gasar, tokumbo, farashinsa zai cinye kusan duk abin da na tara. In saya? Iyo dai ban ƙware ba, amma a rafin garinmu muka tashi.

Amsa: Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Jimlarka ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci, keken kuwa magana ce ta baya.

Cikakkiyar gasar tana farawa da iyon kilomita 3.8, sai keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.2, wato gudun nan da ka yi daga Surulere zuwa Eko Atlantic shi ne cikon ranar. A yawancin wurare awa 17 ake bayarwa, amma kowane zango da wa'adinsa, kuma na ruwa awa 2 da minti 20 ne. Wanda bai fito a kan lokaci ba, an sallame shi tun da hantsi, kekensa na rataye ko feda bai taka ba. Iyon rafi da muka yi muna yara, kai a sama ana dukan ruwa da hannu, yana kai mutum ƙetaren rafi, amma ba ya kai shi kilomita guda. Ni ma da wannan alfaharin na fara. Ranar da na shiga kwamin iyo mai tsawon mita 50, ban kai ƙarshensa ba na kama bango ina haki, wasu yara 'yan firamare suna wuce ni suna dawowa. Wata huɗu na yi kafin na iya fitar da numfashi a cikin ruwa ba tare da gabana ya faɗi ba.

Saboda haka kuɗin farko na malamin iyo ne, sau uku a mako, wata shida aƙalla. Keke kuma, nemi na titi mai firam ɗin alminiyom, na hannu, mai giyar Shimano irin Tiagra ko 105, waɗanda bakaniken keke a Legas zai iya samo maka kayan gyaransu. Alminiyom idan ya bugu za ka ga lotsawar da idonka. Kabon kuwa yakan tsage daga ciki fenti na sheƙi a waje, kuma ba ka san abin da ya same shi a kwantena ko a hannun mai shi na farko ba. Ga wani abin: keken da aka ƙera don gasar zalla, mahayinsa kwanciya yake yi a kan gwiwar hannu, yatsunsa nesa da birki. An yi shi ne don titin da aka rufe wa motoci. Ka yi tunanin danfo ya tsaya maka ba sigina a Ikorodu Road kana wannan kwanciyar.

Abin da ya fi suna da farashi muhimmanci shi ne keken ya yi daidai da tsawonka. Na farko da na saya, mai sayarwa ya rantse mini cewa sirdi kawai za a sauke. Ya yi mini girma, na yi wata biyu da ciwon wuya da ƙugu, na sayar da shi da asara. Hau ka zaga kafin ka biya. Daga baya sai ka ƙara ƙahonin kwanciya da ake ɗaurawa a kan keke, kuɗinsu kaɗan ne. Hular kwano kuwa sabuwa za ka saya, kada ka karɓi ta gwanjo, kuma ba a barin kowa ya hau keke a gasar ba tare da ita ba.

Tambaya: A ina zan koyi iyon buɗaɗɗen ruwa? Ina zaune a Obalende, ga ruwa ta ko'ina.

Amsa: Ƙanena, ruwan da ke kewaye da kai ba duka ne na shiga ba. Lagun ɗin Legas magudanun gari ne ke zuba a cikinsa, ga jiragen fasinja da ba sa ganin kan mutum. Bakin teku ta wajen Lekki kuwa igiyarsa na da ƙarfi, akwai ruwa mai ja da ke fizgar mutum zuwa ciki, ya ci waɗanda suka fi ni da kai iya iyo. Kashi tara cikin goma na atisayenka a kwami za ka yi shi. Akwai a filin wasa na Teslim Balogun da ke Surulere, akwai a Rowe Park da ke Yaba, otal-otal ma na sayar da tikitin shiga, sai dai ka leƙa da kanka ka ga tsabtar ruwan da lokutan buɗewa kafin ka biya kuɗin wata.

Idan ka kai ka yi mita 1,500 ba tsayawa, sai ka je Tarkwa Bay, wanda ake shiga da jirgin ruwa, inda shingen duwatsun mashigar jiragen ruwa ya rage ƙarfin igiya. Kada ka je kai kaɗai. Ku tafi ƙungiya, da mai kwalekwale a gefenku, ka ɗaura balan-balan ɗin nan mai launin lemo a ƙugu don a riƙa hango ka. Abin da za ka koya a can shi ne ɗaga ido ka saita hanya, domin teku ba shi da baƙin layi a ƙasa, da kuma jure gishiri a maƙogwaro.

Tambaya: Yallaɓai, in biya kuɗin cikakkiyar gasa kai tsaye, ko in fara da rabi? Kuma wace ƙasa ta fi sauƙi daga Legas?

Amsa: Rabi. Ana kiranta 70.3, jimlar mil ɗin da ke cikinta ke nan: iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1. In ma ka samu ƙaramar gasa mai iyon mita 750 da keke kilomita 20 da gudu 5, fara da ita, don ka ɗanɗani yadda ƙafa ke zama kamar ta aro idan an sauka daga keke aka ce a yi gudu. Gaskiya ne mutum 15 da suka fara wannan abu a Hawaii a 1978 ba su bi ta rabi ba, kuma 12 sun kammala, amma ba su biya bizar kowa ba.

Kuɗin rajista kansa ɗaruruwan daloli ne, kuma shi ne ƙaramin kashi. Akwai tikitin jirgi, kuɗin ɗaukar keke a akwatinsa, masauki na kwana huɗu ko biyar, da katin rigakafin shawara. Cikakkiyar gasar da aka fi sani a nahiyarmu ana yin ta a Gqeberha, tsohuwar Port Elizabeth, a Afirka ta Kudu. Sai da biza, garin ya yi suna wajen iska, ruwan kuma da sanyi, don haka sai ka nemi rigar roba ta ruwan sanyi. Dokar gasar ta yarda da ita idan ɗumin ruwa bai wuce digiri 24.5 ba, abin da ke nufin a ruwan Legas ba za ka taɓa buƙatarta ba. Haya za ka yi a can, ko ka ara, ka gwada ta kwana biyu kafin ranar. Ruwanda ta fara karɓar rabin gasar a Rubavu, bakin tafkin Kivu, a 2022, kuma shigarta ya fi wa ɗan Najeriya sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai ƙasar duwatsu ce, tafkin kansa yana sama da mita 1,400 daga matakin teku, mu kuwa tudunmu mafi tsawo a nan gada ce. Duba jadawalin shekarar ka ga ko za a yi ta kafin ka sayi tikiti.

Hawan keke a Legas, ranar Lahadi bayan sallar asuba ne, cikin ayari, da fitila gaba da baya, a dawo kafin masu zuwa coci su cika titi. Sauran ranaku ka sayi ƙarfen da ake kafa keke a kai a ɗaki, da fanka mai caji. Wannan ƙarfen ya fi mini amfani fiye da duk abin da na saya bayan tabaran ruwa.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Idi Araba. Ina so in shiga, amma kayan da nake gani a hotuna ba zan iya sa su ba. Kuma dole ne sai da agogon Garmin da waɗannan 'yan ledojin abinci masu tsada da 'yan gasa ke tsotsa a hanya?

Amsa: Hajiya, mata Musulmi suna shiga suna kammalawa da sutura mai rufe hannu da ƙafa da hijabin wasanni. Ki zaɓi yadi mai saurin bushewa wanda ba ya jan ruwa, kada ya yi faɗin da zai shiga sarƙar keke, kuma ki rubuta wa masu shirya gasar tun kafin ki biya, ki riƙe amsarsu a rubuce, domin akwai ƙa'idar abin da ake sawa a ruwa. A cikakkiyar gasa akwai tantin canza kaya na mata daban. Maganar salla a ranar, ki kai wa malaminki tun da wuri, tunda ke matafiyiya ce a lokacin.

Agogo ba dole ba ne a shekarar farko, wayarki za ta auna miki gudu da keke, bangon kwami kuma akwai agogo. Abinci dai dole ne, domin a doguwar gasa jiki na neman sikari da sitaci wajen giram 60 zuwa 90 a kowace awa, ga ruwa da gishiri, musamman ga mai atisaye cikin zufar Legas. Dabino da ayaba da ɗan gishiri a gorar ruwa sun ishe ki a atisaye. Sai ki binciki irin ledar da za a raba a hanya ranar gasar, ki sayi 'yan kaɗan ki gwada tun a gida, ki ga ko cikinki zai karɓa.