Amsa ga 'yata kan rabon gado a Girka da Rum ta dā

'Yata, kin tambaye ni ko Girkawa da Rumawan dā hanya ɗaya suke bi wajen raba dukiyar mamaci, da kuma ko 'ya mace tana da kaso. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, domin abin da kowannensu yake tsoro daban ne.

Mutanen Atina tsoronsu shi ne kada gida ya mutu. Saboda haka 'ya'ya maza ke raba gado daidai wa daida, ita kuwa mace rabonta shi ne dukiyar da aka kai ta ɗakin miji da ita. Dokar Solon, wanda ya yi mulki a 594 kafin haihuwar Annabi Isa, ta yarda da wasiyya ne kawai ga wanda bai bar ɗa namiji na halak ba. Idan kuwa 'ya mace kaɗai ya bari, sai dangin uba mafi kusa, sau da yawa baffanta, ya aure ta domin dukiyar ta faɗa hannun 'ya'yan da za ta haifa. A ganina, ita kanta an mayar da ita wani ɓangare na gadon. Sai dai kada ki ɗauki Atina a matsayin Girka duka, domin a Gortin, cikin tsibirin Kirit, dokar da aka sassaƙa a jikin bango ta ba namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, ban da gidan cikin gari, lissafin da kunnenki ya saba da shi.

Rumawa kuwa ikon uba suka ɗaukaka. A dokokinsu na Alluna Goma Sha Biyu, na wajen shekarar 450 kafin haihuwar Annabi Isa, idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, duk 'ya'yan da ke ƙarƙashin ikonsa, maza da mata, kaso daidai wa daida suke samu. Amma uba yana iya hana ɗansa gado muddin ya faɗi haka a wasiyya, abin da a wurinmu ba ya yiwuwa, tunda wasiyya ba ta wuce sulusi. Wannan sakin linzami ya sa aka riƙa yi wa dokar gyara: ta Bokoniya a 169 kafin haihuwar Annabi Isa ta hana manyan attajirai naɗa mace magajiya, ta Falsidiya a 40 kafin haihuwarsa kuma ta tilasta a bar wa magaji aƙalla rubu'i.

A farkon zamanin Rumawa 'yan'uwa kan bar gado a dunƙule suna ci tare, kamar gandunmu, sai wanda ya gaji da zaman ya kai ƙara a raba. Fifikon dangin uba a kan na uwa kuwa bai kau gaba ɗaya ba sai da Sarki Jastiniyan ya soke shi a shekarar 543 miladiyya.