Ba tsufa ba ne ɗan'uwa, rigar ciki ce ta mutu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru, don kamar labarina ka rubuta. Ka ce rigar da kake sawa ƙarƙashin busasshiyar rigar nutso, wato ta wajen da ruwa ba ya ratsawa, ta shekara 6, a da kana yin minti 50 a ruwa mai digiri 8 lafiya lau, yanzu kafin minti 25 ka fara karkarwa, kana tambaya ko kai ne ka tsufa ko rigar ce. Rigar ce. Ni sai da na kusa barin nutso kwata-kwata kafin na gane hakan.

Tawa ma ba sabuwa na saya ba. Wani ne a kulob ɗinmu na da ya sayar min a kan fam 120, ya rantse min ko sau goma bai shiga ruwa da ita ba. Daga waje tas take, ko zare bai fita ba. Ashe araha ba ta ado. Ranar da na gane kurena a tafkin nutso na Stoney Cove ne, kusa da birnin Lesta a Ingila, cikin watan Fabrairu, ruwan bai wuce digiri 6 ba. Mun sauka kan Stanegarth, wani jirgin ruwa da aka nutsar a tafkin, a zurfin wajen mita 20. Minti goma na farko babu komai. Daga nan sanyi ya fara kama ni ta gadon baya da ƙirji, inda madaurin kaya ya danne rigar. Ina ƙara iska a cikin rigar waje, ba na jin wani sauyi. Da muka kai minti 22 na so in ɓalle fitila daga maƙalinta, yatsuna suka ƙi. Ina kallon hannuna ina umartarsa, shi kuwa kamar na wani. Abin da ya fi tsorata ni shi ne agogon iska, mai nuna sauran iskar da ke cikin silindata. Na ga lambar ƙarara, amma na kasa lissafa ko za ta kai ni gaɓa, lissafin da ɗan firamare zai yi. A tsayuwar minti 3 da ake yi a mita 5 kafin a fito, haƙorana suna ta datsar robar bakin da nake shaƙar iska da ita, sai da na huda ta. Da muka fito abokin nutsona ne ya zuge min zif, shi ya buɗe mota, shi ya riƙe min kofin shayi don ni zubarwa nake yi.

Sai ga mutumin nan da ya sayar min ya zo wucewa, na ce masa rigar nan fa ba ta riƙe ɗumi. Ka san me ya ce? Wai mu 'yan ƙasashen zafi jininmu ne bai dace da ruwan sanyi ba. A gaban mutane, yana dariya. Ni kuma wauta ta sa na yarda, na yi kusan shekara guda ina zargin jikina. Daga baya wani tsohon ɗan kulob ya gaya min ya shekara biyar yana ganin rigar a jikin mutumin, har Scapa Flow, wurin nutso a arewacin Scotland, ya je da ita, kuma duk mako sai ya jefa ta injin wanki da ruwan tausasa kaya. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

To, ka ɗauko taka ka matsa ta da yatsu biyu a kafaɗa, gwiwa da gadon baya, sannan ka matsa ta inda ba ta shan nauyi, kamar bayan ƙwauri. In ka ji wajen farko ya zama kamar tsohuwar katifa, magana ta ƙare. Ai ba yadin ke ɗumama ka ba, iskar da ta maƙale tsakanin zarurrukan ce, kuma ruwa na janye zafin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. Kowane nutso matsa zaren yake yi, a mita 30 matsin ya ninka na sama sau 4, har wata rana ya daina tashi. In irin ta Thinsulate ce, wani nau'in zaren roba mai riƙe ɗumi, ragowar sabulu da ruwan tausasa kaya suna sa ta riƙa shan ruwa maimakon ture shi. Kada ka cusa ta a jaka duk damina da rani, rataye ta. Amma wadda ta riga ta kwanta, babu wankin da zai tashe ta.

Kafin ka kashe kuɗi dai, duba ko ruwa na shigo maka. Ni robar wuyan hannu ce ke yi min yoyo duk lokacin da na damƙe abu da ƙarfi, ina ɗauka gumi ne. Kuma don Allah me kake sawa a jikin fata? In singiletin auduga ce, cire ta yau. Tana shan gumin da ka yi wajen ɗaukar silinda daga mota, ta manne maka a jiki da sanyinta. Ulun merino nake sawa yanzu.

Wani kuskurena kuma rage dalmar da ake ɗaurawa don ƙara nauyi, wai don a ce na ƙware. Rashin nauyi ya sa ba na iya barin isasshiyar iska a riga, tana matse ni kamar an naɗe ni a leda. Da na sayi sabuwa sai da na ƙara kilo 2. Hula mai kauri milimita 7 da busasshiyar safar hannu ma sun taimake ni ƙwarai. Ka ci abinci kafin ka shiga, kuma kada ka tsaya a iska kana hira tsakanin nutso biyu, wannan halinmu ne duka.

Na ga wasu sun ce maka ka sayi riga mai batir. Tana aiki, amma a yi hattara. In ka ji ɗumi a ƙasa batir ya mutu lokacin hawowa, jikinka ya kwashi naitirojin da yawa kuma sanyi zai rage saurin fitarsa. Ni ba na kunna tawa sai na fara hawowa, kuma batir a waje yake, ba cikin riga ba.

Gaya min nutso nawa ka yi da ita da yadda ake wanke ta a gida. In kana kusa da Lesta kuma, ina da rigar ciki ta biyu, zo ka gwada ta ranar Asabar kafin ka sayi komai.